Yadda Surukata Ta Ƙi Abincin Minna

Muna idar da sallar asuba muka ɗauki hanya daga Funtuwa, ko masu ƙosai ba su hura wuta ba. Ku da kuka dame ni da tambayar yadda hutunmu na Minna ya kasance, to ga shi na zauna na rubuta muku, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya. A motar akwai ni, da uwar yarana, da yaranmu uku, mata biyu da namiji ɗaya, da kuma surukata. Motar kuwa tsohuwar akwalar nan tawa ce da kuka sani, wadda na kai wa bakanike ya duba, na kuma kai wa wani ya duba aikin na farkon.

Surukata ce dalilin tafiyar. Ba ta daɗe da fita takaba ba, kuma tun ranar da aka fita da gawar maigidanta abinci ya fita daga ranta. Ta rame har awarwaron hannunta yana zamewa ya faɗi in tana alwala. Likita ya ba ta ƙwayoyi ya ce kada a kuskura a sha su ba abinci a ciki, sannan ya ja ni gefe ya ce in muna son matar nan ta miƙe, mu fitar da ita daga ɗakin da ta yi jinyar mijinta, ta ga wani gari, ta ɗanɗana wani abinci. In kuwa ta ci gaba a haka, ya ce, gadon asibiti da ƙarin ruwa ne ke jiranta, kuma a shekarunta ba kowa ke sauka daga wannan gado da ƙafarsa ba. Wani abokin aikina da ya yi zama a Minna ya ce in kai ta can, gari ne na doya da kifi, ga duwatsu ga ruwa, ba mai zuwa ya dawo bai yi kumatu ba. Na nemi hutun shekara, muka shirya.

Ga wanda bai san ni ba, ni duba-gari ne. Aikina ke nan leƙa randunan mutane, da buɗe tukwanen masu tuwo, da shinshina nama a kwata. Wanda ya daɗe a wannan aiki ba ya sake cin abincin waje da daɗin rai, don ya san abin da ke bayan labule. Uwar yarana tana cewa ko ruwan zamzam aka ba ni sai na ɗaga kofin na duba ƙasansa. Ban taɓa musa mata ba, ni dai na san rigakafi ya fi magani.

Maganar kunya kuwa ban manta da ita ba, ai ba a birni aka haife ni ba. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukarsa, ita ma ba ta ci a gabansa, balle tawa da ke da jinin Fulani, wadda har yau ba ta taɓa kama sunana ba. Uwar yarana ma 'yar farinta ce, ita ma sunanta ba ya fita daga bakin tsohuwar. Don haka tun a gida na tsara yadda za a yi. Duk inda muka shiga, tebur biyu za a ba mu, mata a ɗaya, ni da ɗan namijin a ɗaya, kuma in ba su baya. A ganina da wannan na gama da matsalar.

Hanyar Birnin Gwari muka bi. Damina ta zauna, daji ya yi kore shar, ramukan titi sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai taya ta faɗa. A Birnin Gwari masu tsire da masu shayi suka yi wa motar caa, yara suka fara haɗiyar yawu. Na sauka na dubi tsiren. Ƙuliƙuli ya yi masa yawa, kuma a sanina mai tsire ba ya yawaita ƙuliƙuli sai in yana ɓoye kwanan nama. Na dawo na ce kowa ya ci guzuri, dafaffen ƙwai da biredin da uwar yara ta shirya. Surukata ta ce mota tana juya mata ciki, ta ɓantari goro ta rufe fuska. Ban damu ba, don na san halin tsofaffi da mota.

A Tegina muka karkata muka nufi Zungeru. Gadar Zungeru kam sai da na yi ta salati, siririya ce, mota da jirgin ƙasa duk ita suke bi, ga kogin Kaduna a ƙasa ya cika ya yi ja. Daga nan muka fara cin karo da matan Gwari a bakin titi, kowace da ƙwarya cike da doya ko itace a kafaɗa maimakon a ka. Yara suka yi ta nuni, na ce su sauke hannu, su ma mamakinmu suke yi da muke ɗora kaya a kai. Doya kuwa ba a magana. Abin da za ka bayar a Funtuwa a ba ka 'yan ƙananu ka riƙo a hannu, a nan sai mai doyar ya tambaye ka ko ka zo da mota.

Da la'asar sakaliya muka shiga Minna. Gari ne da duwatsu suka kewaye, layin dogo ya ratsa tsakiyarsa, kuma kowa Hausa yake yi. Bagwari na yi, Banufe na yi, Bayarabe da Ibo na yi, kowa da irin tasa, wani ya mai da mace namiji, ba mai gyara wa wani. Muka sauka a wani masauki a Tunga, ɗaki biyu, ni da ɗan namijin a ɗaya, mata a ɗayan. Mai wurin ya ce doka ɗaya gare shi, ba a shiga da abinci ɗaki saboda ɓera da kyankyaso. Na miƙa masa hannu muka sake gaisawa, na ce da kowa irinsa ne da tuni na rasa aiki.

Abincin farko a ɗakin cin abinci na masaukin muka ci, shinkafa da miya da naman kaza. Kukun wani mutumin kudancin Zariya ne mai fara'a, da sarƙar gicciye a wuya. Kafin kowa ya ɗauki cokali na kira shi na tambaye shi wanda ya yanka kazar. Ya ce, “Oga, mahauci ne a kasuwa, Musulmi ne, har gemu gare shi.” Na ce gemu ba shaida ba ne, bunsuru ma yana da shi. Na bi shi kicin na buɗe tukwane, na shafa ƙasan faranti, na shinshina man gyaɗa. Gaskiya ban samu abin kamawa ba, amma rashin samun ma bai kwantar mini da hankali ba, don wurin da ya cika tsabta wani lokaci labarin zuwanka ne ya riga ka isa.

Aka zauna yadda na tsara, na ba su baya. Da na gama na wanke hannu, na taka zuwa teburin mata na duba. Farantin surukata yana nan yadda aka kawo shi, ko ƙwayar shinkafa ba ta motsa ba. Na rusuna na ce, “Inna, ba a ci abincin ba.” Ta ƙara jan mayafi ta ce a hankali, “Naman ne ban yarda da shi ba.” Wallahi sai na ji wani daɗi ya kama ni. Shekara da shekaru ana ce mini mai baƙin zargi, ga shi yau dattijuwa mai hankali ta ga abin da nake gani. Na ce kada a damu, gobe zan nemo wurin da babu shakka a cikinsa.

Washegari na kai su Limawa, tsohuwar unguwa inda jikokin waɗanda aikin reluwe ya kawo suke zaune. Nan za ka ji Hausa irin ta gida, ga maɗinka ga masu goro ga makaranta a ƙofar gida. Aka nuna mana wata Hajiya mai tuwon shinkafa da miyar taushe, tana sayarwa a zauren gidanta. Na ce alhamdulillahi, nan kam ba maganar yanka. Amma ido ba ya barin halinsa, na hango moɗar randa a yashe a ƙasa, aka ɗauka aka mayar ba ɗauraya. Na yi mata magana, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Malam, tuwo ka zo ci ko kamu ka zo yi?” Duk da haka muka ci, kuma in faɗi gaskiya tuwon ya yi daɗi. Uwar yara ta zauna gab da mahaifiyarta tana tura mata kwano, tana cewa Inna ko loma ɗaya ce a daure. Da na zo dubawa, malmalar tana nan ko gurbin yatsa babu. Wannan karon ta ce man miyar ne bai kwanta mata ba. Na sa aka fito mini da kwalbar man, na ɗaga ta a rana na daɗe ina kallo.

Haka muka yi ta zagaya garin kamar masu neman ɓataccen jaki. A wata buka kusa da tashar jirgi muka ci sakwara da miyar agushi, ana daka ana kwashewa tururi na tashi, yara har da suɗe hannu. Surukata ta ce hannu ya yi yawa a kanta. Muka yi doguwar tafiya zuwa kallon ruwan Gurara, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu da ƙarar da sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Wuri ne da ya cancanci a je a gani, har tsohuwar ta ɗaga mayafi ta kalla tana tasbihi. A bakin hanya na sayi gasasshiyar masara da ayaba, na ce wannan dai Allah ne ya naɗe su da hannunsa. Na miƙa baya, na juya madubin mota yadda zan riƙa hango ko ana ci. Ta ce masarar ta fi ƙarfin haƙorinta, ayabar kuma da alama ba a kan uwarta ta nuna ba.

Abin sha shi ya fi ba ni wahala. Kunun zaƙi da zoɓo a garin nan a kwalba ake sayar da su, da na juya kwalbar kuwa sai na ga ta giya ce aka kankare takardar. Mai kunun ta rantse ta wanke da ruwan zafi da sabulu, na ce ko kwana ta yi tana wankewa ba za ta shiga bakin 'ya'yana ba. Lemon kwalba ma sai na duba marfin ko ya yi tsatsa, in goge bakin da hankici. A bayan wata kasuwa kuma saura kaɗan in tafka abin kunya. Na hango mata da manyan tukwane da ƙorai, maza zaune a benci suna kurɓa, na ce ga kunun gargajiya wanda bai ga kwalba ba, bari in sayo wa Inna. Sai da na sunkuya kan tukunyar tsami ya doki hancina na gane burkutu ce. Na juyo da sauri ina waige-waige kada wani ɗan Funtuwa ya gan ni.

Yanzu abin dariya ne, amma a lokacin hankalina a tashe yake. Kwanaki suna tafiya, abin da ke shiga cikin matar nan goro ne da ruwa da 'yar kurɓar shayi. Ƙwayoyin likita suna ƙulle a bakin zanenta ba ta taɓa su ba, tunda ba abinci. Wata safiya ta tashi daga alwala jiri ya kwashe ta, da uwar yara ba ta tare ta ba da ta kai ƙasa. Tsoro ya kama ni sosai. Ni na ɗauko ta daga ɗakinta da sunan magani, in ta faɗi a garin mutane da wane ido zan dubi danginta?

Zargi kuwa ba wanda na bari. Na zargi masu abinci, na zargi ruwan garin. Na zargi abokin aikina da ya turo ni. Na zargi likita, na ce ko akwai ciwon da ya gani ya ɓoye mana. Har na fara tunanin ko wani ne a ƙauye ya yi mata asiri a kan gonar da marigayi ya bari, ni da nake yi wa mutane faɗa a kan camfi. Daga ƙarshe na juya kan uwar yara, na ce ko ita ce ta faɗa mata wata magana da ta ɓata mata rai. Ta ce, “Malam, da dai ka rage leƙa kwanonta.” Na ce in ban leƙa ba ta yaya zan san ta ci, ke da kike zaune kusa da ita me kika iya?  Na yanke shawara a raina, gobe za mu gwada wuri na ƙarshe, in ba ta ci ba mu juya, kuma ba gida za mu nufa ba, asibiti za mu wuce.

Wurin na ƙarshe shi ne madatsar ruwa ta Tagwai. An ce akwai masunta, ana samun kifi da ransa, na ce kifin da na gani yana motsi da idona ai ba mai cewa ya kwana. Muka saki kwalta muka bi jar hanya ta cikin gonakin doya da masara. Wurin yana da kyau, ruwa shimfiɗe tsakanin tuddai, kwale-kwale nan da can, iska mai sanyi na kaɗawa. Amma da na ga inda ake suyar sai murnata ta koma ciki. Rumfar ciyawa ce guda da zana a kewaye, wata tsohuwa Bagwariya na soya karfasa da tarwaɗa a baƙin kasko, gefe ga tukunyar dafaffiyar doya da kwanon man ja da yaji. Ƙudaje sun yi sansani, agwagi na yawo tsakanin ƙafafun mutane, kwanonin kuwa da gani a ruwa ɗaya ake ɗauraye su tun safe. Na ce mata da a Funtuwa take da yau rumfar nan a rufe za ta kwana.

Ko a jikinta. Ta yi dariya ta ce, “Baba, kifi na yanzu ya fito ruwa, ka ci, ba za ka mutu ba.” Sai ta dubi surukata da ke dafe da mota ta ce, “Kai, Mama ya gaji. Kawo shi ya zauna a inuwa.” Ta kama hannunta ta kai ta bayan zanar ta ba ta kujera 'yar tsuguno. Zama dai ba ci ba ne, na ƙyale. Na kafa doka kada wanda ya sa ko ƙaya a baki a wurin nan, uwar yara ta ja yaran suka gangara can nesa kallon masunta. Ni kuma na tambayi mai kifin inda take ɗebo ruwan sha, ta nuna mini bayan wani tudu ta ce akwai rijiya. Ba don zan sha ba, hali ne kawai, na ce sai na gani da idona.

Tafiyar ta fi yadda ta nuna nisa. Rijiyar kuwa ba ta ba ni kunya ba, babu marfi, babu ginin baki, guga a yashe cikin taɓo, har da kwaɗo yana leƙo ni daga ciki. Abin nema ya samu, na juyo ina shirya kalaman da zan zazzage wa tsohuwar. Kafin in hau tudun hadari ya haɗu, kafin in gangaro an fara yayyafi. Na raɓe jikin wata ɗorawa da ke kan gangaren, daga nan kuwa ina hango bayan zanar nan sarai, duk da akwai 'yar tazara.

Abin da na gani har yanzu yana idona. Surukata ta sauke mayafi a kafaɗa, ta miƙe ƙafa, ita da mai kifin sun sa tire ɗaya a tsakiya. Ta ɓantari doya ta dangwala a man ja ta kai baki, ta kama kan tarwaɗa da hannu biyu tana tsotsa, tana zare ƙaya tana jefa wa agwagi. Mai kifin na ta ba ta labari da hannu da ka, ita kuwa tana dariya har tana dafe ƙirji. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin bakinta yana tauna abin da ya wuce goro ba. Sai kuma ta ɗauki moɗa ta kafa kai. Ruwan rijiyar nan ne mai kwaɗo.

Na buɗe baki zan ƙwala kira, har na ɗaga ƙafa. Abin da ya tsayar da ni shi ne na dubi rumfar na lura da waɗanda babu a cikinta. Babu ni, babu 'yar farinta, babu kuma wanda zai zo bayan an gama ya leƙa tiren ya ga yawan abin da ta ci. Ni ina ganin tunda na ba ta baya na fita haƙƙin kunya, ashe kowane zama sai na dawo na tsaya a kanta ina auna lomarta, 'yarta kuma tana gefe tana kallon bakinta. Wace dattijuwa ce za ta miƙa wa mijin 'yarta kwano a suɗe? Ɗakin da za ta ɓuya ta ci kuwa, ni da bakina na yaba wa wanda ya hana shiga da abinci cikinsa. Da ta rasa abin cewa sai ta ce ba ta yarda da abincin ba, don ta san wannan ce maganar da ba zan taɓa musawa ba. Na zagaye Minna ina neman mai laifi, ashe shi ke tuƙa motar.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ɗorawa kuwa kun san ganyenta, ba abin da take tarewa. Rumfar na nan kusa, in na ruga zan isa kafin rigata ta gama jiƙewa, amma na san ina yin sallama za ta janye hannu ta ja mayafi, shi ke nan sai asibiti. A ɗaya gefen kuma duk abin da na sani game da amai da gudawa yana yi mini ihu a kunne. Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin wannan ba. Ina cikin haka na ga ta kwance bakin zanenta, ta ciro ƙwayar likita ta jefa a baki ta bi da ruwa. Daga nan na juya baya na fuskanci tudu na tsaya. Hula ta jiƙe ta lafe mini a ka kamar tsumma, ruwa na bin ƙeyata yana shiga riga, takalmi ya cika. Idona ma ya kawo ruwa, ba zan ɓoye muku ba, daɗi ne da haushin kaina suka haɗu.

Sai da aka ɗauke ruwan, na ƙara ba su lokaci, sannan na zagayo ta gaban rumfar ina tari ina jan takalmi, na yi sallama tun daga nesa. Na tarar da tire a kife, surukata a lulluɓe kamar yadda na bar ta, sai dai ƙamshin kifi da ya cika wurin. Mai kifin ta tare ni da murna ta ce, “Baba, Mama ya…” Ban ga abin da ya faru a ƙasa ba, na dai ga mai kifin ta janye ƙafarta da sauri kamar an taka ta, ta haɗiye sauran maganar. Ban ce komai game da rijiya ba. Na sayi bandar kifi mai yawa ban nemi ragi ba, na ce tsaraba ce. Uwar yara da yaran suka fito daga bukkar masunta inda suka fake, da suka ga yadda na koma yaran suka yi ta dariya. A mota surukata ta yi gyaran murya ta ce, “Abincin garin nan dai ba abin yarda ba ne.” Na ce, “Gaskiya ne, Inna.”

Da muka keɓe na gaya wa uwar yara abin da na gani. Ta ce ai ta gaya mini. Na ce rabi ta gaya mini, don ita ma tana cikin waɗanda suka tsare tsohuwar. Sai uwar yara ta fara hawaye. Ta ce ita gani take tunda ta tara 'ya'ya, mahaifinta kuma ya rasu, an wuce wannan tsakaninta da uwarta. Na ba ta haƙuri, don ni na fi ta laifi. Washegari da safe na tambaye ta ko an yi ta zirga-zirga zuwa bayi. Ta ce lafiya lau, har Inna ta yi sallar walaha a tsaye. Na yi hamdala, amma ban janye maganata a kan rijiyar nan ba, har gobe ina nan a kan bakana, Allah ne kawai ya tsare.

Muka fasa juyawa. Sauran kwanakin wani sabon salo muka ɗauka. Da lokacin abinci ya yi sai uzuri ya taso mana ni da uwar yara, yau za mu duba doya a Kasuwar Gwari, gobe za mu kai yara su ga jirgi ya shigo tasha, jibi taya ce ke son iska. Mu ajiye Inna a Limawa wurin Hajiya mai tuwo, a shigar da ita cikin gida, mu ɓace. Na ba Hajiyar haƙuri a kan maganar moɗa, ta ce ba komai, amma in daina zuwa mata da idon hukuma. Mun sake komawa Tagwai, inda na gano ashe ina sha'awar kallon masunta ƙwarai, musamman waɗanda suka fi nisa da rumfa. Ban sake tambayar ko an ci ba, ban sake leƙa kwano ba, duk da abin ya yi mini wuya, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Ni kuwa mura ta kama ni, komai na ci ba na jin ɗanɗanonsa, wanda ga mutum irina sauƙi ne.

Ranar komawa muka cika but ɗin mota da doya har ta zauna ta baya, muka biyo hanyar da muka zo. Ina tuƙi ina tunani. Tafiyar nan ba ta koya mini in daina duba randa ba, wannan sai ranar da na bar aiki. Abin da ta koya mini shi ne akwai kulawar da ke hana mutum sakat, kuma tsoho in ya ba ka dalili, wani lokaci hanya ce ya buɗe maka ka kauce ba tare da kowa ya ji kunya ba. Wanda zai kai surukarsa hutu, ya nema mata abinci mai kyau, sannan ya nema wa kansa wurin zuwa.

Da yamma muka isa ƙauyen su Inna a bayan Bakori. Maƙwabta suka cika gidan da sannu da zuwa, kowa na cewa Inna ta yi haske, ta murmure. Ta ce iskar garin ce, abincinsu kam ba ta iya ci ba. Suka juyo gare ni, na ce ni ma haka na ji ta faɗa. Da na zo tafiya na durƙusa a bakin ƙofarta don yin sallama, atishawa ta ƙwace mini. Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen wata tsohuwa maƙwabciyarta ta ce, “A samo citta da kanumfari a ba su, a dafa wa uban yaran nan. Mutum da girmansa ya tsaya ƙarƙashin ɗorawa ruwa na dukansa, ga rumfa kusa.” Sannan ta ce, “Allah ya yi masa albarka.”

Na amsa da amin, na tashi na fita ban ɗaga kai ba. Na zauna a mota na riƙe sitiyari, na daɗe ban tayar ba. Ashe ta gan ni tun daga farko, da na juya baya kuma ta ci gaba da cin abincinta.